BABI NA HUƊU: TARKEN HANYOYIN JIN RA'AYIN JAMA'A WAJEN SABUNTA FASALIN WIKIPEDIA

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi tarken hanyoyin da Gidauniyar Wikimedia ta bi domin jin ra'ayin jama'a a lokacin da ta sabunta fasalin shafukan Wikipedia, wato aikin da ya haifar da fasalin da ake kira Vector 2022. Abin da ake nufi da fasali a nan shi ne kamannin shafi da tsarinsa, kamar wurin da aka ajiye akwatin bincike, da wurin da ƙumshiyar maƙala take, da faɗin layukan rubutu da makamantansu. Ba a nufin bayanin da maƙala take ɗauke da shi.

An zaɓi wannan aiki ne saboda dalilai biyu. Na farko, kusan duk muhawarar da aka yi a kansa a rubuce take, kuma kowa na iya karanta ta. Na biyu, an yi amfani da hanyoyi daban-daban wajen neman ra'ayi, saboda haka akwai damar a kwatanta su. Matsayin da babin zai kare shi ne cewa Gidauniyar ta tara ra'ayi mai yawa, amma ba a fayyace tun farko irin nauyin da kowane ra'ayi zai samu wajen yanke hukunci ba, kuma wannan gibi ne tushen rigimar da ta ɓarke a 2023.

4.1 Taƙaitaccen Tarihin Aikin

An kafa Wikipedia a watan Janairu na 2001, sannan a 2003 aka kafa Gidauniyar Wikimedia domin ta riƙa kula da na'urori da manhaja da kuma kuɗi. Rubuta maƙaloli da gyara su kuwa aikin 'yan sa-kai ne, waɗanda za a riƙa kira editoci a wannan babi. Ke nan gida ɗaya ne mai masu iko biyu: Gidauniya ce ke da ginin, editoci ne ke da kayan ciki. Fasalin shafi ya faɗa ne a tsakanin biyun, domin manhaja ce ke samar da shi, amma a cikinsa editoci suke wuni suna aiki.

Tun 2004 Wikipedia take amfani da fasalin Monobook, har zuwa 2010 da aka maye gurbinsa da Vector. Daga nan aka shafe fiye da shekara goma ba a yi wani babban canji ba. A cikin wannan tsakani an sami saɓani biyu da ya kamata a ambata. A watan Yuli na 2013 Gidauniyar ta sanya sabuwar manhajar gyara rubutu mai suna VisualEditor ga editocin Wikipedia ta Turanci, amma saboda yawan kurakuranta editocin suka tilasta aka janye ta daga zama ta kowa da kowa a watan Satumba na shekarar. A 2014 kuma editocin Wikipedia ta Jamusanci suka ƙi manhajar kallon hotuna mai suna Media Viewer, sai Gidauniyar ta ƙirƙiro wani sabon mataki na kulle shafi wanda ko masu gudanarwa daga cikin editoci ba su iya buɗewa. Sai a 2015 aka soke wannan mataki. Saboda haka lokacin da aka fara aikin sabunta fasali a 2019, akwai tsohon miki tsakanin ɓangarorin biyu.

Manyan canje-canjen da Vector 2022 ya kawo sun haɗa da taƙaita faɗin rubutu, da mayar da ƙumshiya gefen shafi ta yadda za ta riƙa bin mai karatu, da fito da akwatin bincike sama sosai, da mayar da maɓallin sauya harshe kusa da kan maƙala, da kuma ba da damar naɗe jerin mahaɗan da ke gefe. An sanya fasalin ga kowa a Wikipedia ta Turanci ranar 18 ga Janairu, 2023.

4.2 Hanyoyin da Aka Bi

Idan aka duba yadda aikin ya gudana, za a iya kasa hanyoyin neman ra'ayin gida uku.

4.2.1 Gwajin Samfuri da Fitarwa Kashi-Kashi

Kafin a gina kowane sashe, an riƙa nuna wa editoci samfurinsa, ana sanya sanarwa a saman shafuka ana gayyatar su su gwada sannan su rubuta abin da suka gani. Daga 2020 kuma aka fara sanya sassan da aka kammala a wasu zaɓaɓɓun shafuka, daga ciki akwai Wikipedia ta Faransanci da ta Ibrananci da ta Farisanci da ta harshen Bask. Hikimar wannan zaɓi a fili take, domin Ibrananci da Farisanci daga dama zuwa hagu ake rubuta su, ta Faransanci babba ce, ta Bask kuwa ƙarama.

4.2.2 Awon Halayyar Masu Amfani

Hanya ta biyu ita ce gwajin kwatanci. A irin wannan gwaji akan raba masu amfani gida biyu, a nuna wa kashi ɗaya tsohon tsari, ɗaya kashin kuma sabo, sannan na'ura ta ƙirga abin da kowane kashi ya yi. Ba a tambayar kowa komai. Ta wannan hanya ce Gidauniyar ta bayyana cewa sauya wurin akwatin bincike ya ƙara yawan binciken da ake farawa da kimanin kashi 30 cikin 100. Haka kuma an riƙa lura da yawan editocin da suka kashe sabon fasalin suka koma tsoho.

4.2.3 Muhawarar Neman Sharhi

Hanya ta uku ita ce al'adar editoci ta kansu, wadda suke kira neman sharhi. Akan gabatar da tambaya a wani shafi, kowa ya rubuta matsayinsa da hujjarsa, sannan wasu editoci da ba su shiga muhawarar ba su zo su rufe ta da bayyana matsayar da aka cimma. A ƙa'idar Wikipedia, masu rufewa ba ƙirga kawuna kawai suke yi ba, suna auna ƙarfin hujjoji ne.

An buɗe muhawara ta farko a watan Satumba na 2022. Mutum ɗari uku da 'yan kai suka bayyana matsayinsu, kuma masu adawa sun ɗan ɗara masu goyon baya. Duk da haka masu rufewa suka yanke cewa idan aka magance wasu ƙorafe-ƙorafe, musamman na faɗin rubutu, to akwai goyon bayan a sanya fasalin, kuma ba dole ba ne a sake wata muhawara. Gidauniyar ta ƙara maɓallin faɗaɗa rubutu, ta ce ta cika sharaɗi, ta sanya fasalin. Nan take aka buɗe muhawara ta biyu a kan a koma tsohon fasali. A wannan karo sama da mutum 350 suka nemi a koma, sama da 200 suka ƙi. A watan Maris na 2023 aka rufe ta da cewa ba a sami matsaya ɗaya a kan komawa ba, amma akwai rinjaye a kan a mayar da cikakken faɗi ya zama shi kowa zai tarar. Gidauniyar ba ta aiwatar da wannan kashi na biyu ba, sai dai ta inganta maɓallin faɗaɗawar.

4.3 Tarke

4.3.1 Wa Aka Tambaya, Wa Aka Auna?

Rauni na farko shi ne mutanen da aka tambaya daban suke da mutanen da aka ce dominsu ake aikin. Hujjar Gidauniyar ita ce masu karatu, wato ɗimbin jama'ar da ke buɗe shafukan Wikipedia ta Turanci sau biliyoyi a kowane wata ba tare da sun yi rajista ba. Waɗanda suka yi magana a muhawarorin biyu kuwa 'yan ɗaruruwa ne, kuma yawancinsu gogaggun editoci. Nielsen (2006) ya nuna cewa a yawancin dandalin intanet kashi 90 cikin 100 na jama'a 'yan kallo ne, kashi 9 kan sa baki jefi-jefi, kashi 1 kuma su ke yin kusan dukkan aikin, har ya ƙara da cewa a Wikipedia tazarar ta fi haka. Ke nan duk muhawarar da aka buɗe a irin wannan wuri, muryar 'yan tsirarun nan za a ji.

Sakamakon haka sai aka sami shaida iri biyu waɗanda ba su da ma'auni ɗaya. Editoci an ji bakinsu, masu karatu kuwa an ƙirga sawunsu. Gidauniyar tana riƙe da alƙaluma tana cewa gani ya kori ji, editoci suna riƙe da hujjoji suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane ɓangare yana da gaskiya gwargwado. Nielsen (2001) ya yi gargaɗin cewa abin da mutane ke faɗa game da yadda suke amfani da shafi sau da yawa yakan saɓa wa abin da suke yi a zahiri, don haka lura ta fi tambaya. Amma alƙaluma ma suna da iyaka. Ƙaruwar bincike da kashi 30 cikin 100 tana nuna cewa an fi ganin akwatin binciken, ba ta nuna cewa mai binciken ya sami abin da yake nema ba. Mutumin da ya ɓace a cikin shafi shi ma yakan yawaita bincike.

Haka abin yake ga ƙirga waɗanda suka koma tsohon fasali. Mai rajista ne kaɗai yake da wannan zaɓi a cikin saitinsa. Mai karatun da ba shi da rajista ba shi da ƙofar fita, don haka ba za a ɗauki zamansa a matsayin yarda ba. Ko a cikin masu rajistar ma, akwai wanda bai san da zaɓin ba, akwai kuma wanda ya haƙura kawai.

4.3.2 Batun Faɗin Rubutu

Babu abin da ya fi faɗin rubutu jawo ce-ce-ku-ce, kuma shi ne ya fi fito da raunin da aka ambata a sama. Hujjar taƙaitawar sananniya ce a wajen maɗaba'a: idan layi ya yi tsawo da yawa, ido yakan sha wahalar gano farkon layi na gaba, shi ya sa jaridu suke tsara rubutunsu a siraran ginshiƙai. Editoci kuma suka ce maƙalar Wikipedia ba zube ne tsantsa ba, tana ɗauke da jadawali da hotuna da akwatunan bayani, kuma duk waɗannan suna matsuwa idan aka rage faɗi, alhali ga fili fari fat a gefe babu komai.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su a nan. Na farko, ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman, waɗanda ƙungiyar W3C ta fitar a 2008, sun ambaci kada layi ya wuce harafi 80. To amma faɗin da Vector 2022 ya zo da shi ya bar layi yana wuce wannan adadi nesa ba kusa ba. Wato faɗin da aka zaɓa sasantawa ce aka yi, ba abin da bincike ya tsayar ba ne dalla-dalla, don haka bai kamata a gabatar da shi kamar hukuncin da ba ya karɓar gardama ba. Na biyu, abin da ƙa'idar ta nema shi ne a samar wa mai karatu hanyar da zai iya samun wannan faɗi. Ruhinta ke nan shi ne zaɓi. Da an fara da wannan fahimta, da maɓallin faɗaɗawa ya zo tare da taƙaitawar tun 2020, maimakon ya zo a ƙarshen 2022 bayan muhawara ta yi zafi.

Bugu da ƙari, lokacin da maɓallin ya zo, shafi ba ya tuna zaɓin wanda ba shi da rajista, saboda kwafi ɗaya ne na kowane shafi ake adanawa ana raba wa irin waɗannan masu karatu domin a rage wa na'urori nauyi. Mutum ya faɗaɗa rubutu a wannan maƙala, da ya buɗe ta gaba sai ya tarar ya koma yadda yake. Sai daga baya a cikin 2023 aka gyara wannan. Ke nan a ranar da aka ce an cika sharaɗi, ga mafi yawan jama'a rabinsa aka cika.

4.3.3 Sharaɗin da Ba Shi da Alƙali

Rauni mafi girma yana cikin yadda aka rufe muhawara ta farko. An ce a sanya fasalin idan an magance ƙorafe-ƙorafe, amma ba a faɗi wanda zai tabbatar da cewa an magance su ba. Sai ya zamana wanda aka gindaya wa sharaɗi shi ne ya duba aikinsa da kansa ya ba kansa maki. Ba lallai ne a ce an yi hakan da mugun nufi ba, domin masu rufewar da kansu suka ce ba dole ne a sake muhawara ba. Amma ga editan da ya rubuta adawarsa, ya ga masu adawa sun fi yawa, sannan ya wayi gari ya tarar da sabon fasali, abin da zai fahimta shi ne an tambaye shi ne don a fita hakki kawai.

Muhawara ta biyu ta ƙara dagula lamarin ta wata fuska. A al'adar Wikipedia, wanda yake neman canji shi ne ake buƙatar ya sami matsaya ɗaya, idan ba a samu ba sai a bar abu yadda yake. Kafin 18 ga Janairu, 2023, sabon fasali shi ne canjin. Bayan wannan rana kuwa komawa tsoho ita ce ta zama canjin. Saboda haka rashin matsaya, wanda a da zai hana a sanya fasalin, shi ne kuma daga baya ya hana a cire shi. Ranar da aka yi tambayar ta yi tasiri a kan sakamako fiye da yawan waɗanda suka amsa ta.

Daga nan za a iya fahimtar cewa neman ra'ayi iri uku ne, kuma kowanne da alƙawarin da yake ɗauke da shi. Akwai sanarwa, inda aka riga aka yanke hukunci ana shaida wa jama'a. Akwai shawara, inda ra'ayi zai iya gyara aiki amma ba zai iya dakatar da shi ba. Akwai kuma neman izini, inda a'a take nufin a'a. Gidauniyar ta ɗauki abin da take yi a matsayin shawara, editoci da yawa kuma suka ɗauke shi neman izini, domin a shafin neman sharhi suka saba yanke hukuncin da ke aiki. Hausawa kan ce shawara ɗaukar ɗaki, amma kafin a ɗaga sai an yarda da inda za a aza shi.

4.3.4 Matsayin Ƙananan Harsuna

Manhaja ɗaya ce take ɗauke da Wikipedia ta harsuna sama da 300, har da ta Hausa. Duk da haka gyare-gyaren da aka ambata a sama sun biyo bayan matsin lambar editocin Turanci ne, saboda su ne suke da yawa, kuma da harshensu ake fara rubuta bayanan aikin kafin 'yan sa-kai su fassara. Editocin Wikipedia ta Swahili gaba ɗayansu suka zaɓi a mayar musu da tsohon fasali, abin da ke nuna cewa rashin jin ƙorafi daga ƙaramin harshe ba ya nufin babu ƙorafin.

Daɗin daɗawa, Vector 2022 fasalin kwamfuta ne. Wanda ya buɗe Wikipedia a wayar hannu wani fasali daban yake gani mai suna Minerva. Tun da yake yawancin masu shiga intanet a Nijeriya da Nijar ta wayar hannu suke shiga, muhawarar da ta ci watanni a kan faɗin rubutu a babban allo ba ta shafi yadda akasarin masu karatun Hausa suke ganin shafin ba. Wannan ba laifin aikin ba ne, domin tun farko an ce na kwamfuta ne, amma yana nuna cewa kalmar masu karatu, wadda kowane ɓangare ya riƙa kafa hujja da ita, ba jama'a ɗaya take nufi ba.

4.4 Inda Aka Dace

Adalcin tarke shi ne a faɗi inda aka yi daidai. Idan aka kwatanta da 2013 da 2014, an sami ci gaba a fili. An ɗauki fiye da shekara uku ana fitar da aikin kashi-kashi, an bayyana sakamakon gwaje-gwaje ga kowa, an bar wa masu rajista tsohon fasali, kuma ba a kulle shafi don a hana editoci motsi ba. Haka kuma ba duk adawa ce take da hujja ba. Wani kaso nata sabo ne kawai, wanda aka ce turken wawa ne, domin wanda ya shekara goma sha biyu yana samun mahaɗi a wuri ɗaya dole ya ji haushi ranar da aka matsar da shi. Da za a bi irin wannan ƙorafi kaɗai, da babu shafin da zai taɓa canzawa.

Sannan ƙorafin bai tafi a banza ba. A 2024 an ƙara wani jerin zaɓi a gefen shafi wanda yake ba kowa, mai rajista da marar rajista, damar zaɓar girman rubutu da faɗinsa da kuma launin duhu don karatun dare. Wannan shi ne abin da masu adawa da yawa suka nema tun farko. Abin takaicin shi ne sai da aka ɓata rai kafin a kai ga shi.

4.5 Kammalawa

A wannan babi an kawo tarihin sabunta fasalin Wikipedia a taƙaice, an bayyana hanyoyi uku da aka bi wajen jin ra'ayi, sannan aka yi tarkensu. An ga cewa waɗanda aka tambaya daban suke da waɗanda aka auna, an gabatar da sasantawa kamar hukuncin bincike, an gindaya sharaɗi ba tare da an naɗa mai tabbatar da shi ba, kuma muryar ƙananan harsuna ba ta yi nauyin ta Turanci ba. Darasin da duk mai shirin sabunta shafi zai ɗauka shi ne, kafin ya buɗe ƙofar jin ra'ayi ya rubuta abu uku kowa ya gani: su wane ne ake tambaya, wane sashe na aikin ne amsarsu za ta iya canzawa, kuma wane ne zai yanke hukunci idan alƙaluma da bakin jama'a suka saɓa. Da an rubuta waɗannan a watan Satumba na 2022, da wuya a buƙaci muhawara ta biyu a watan Janairu na 2023.